Abin da Carafke Ta Koya Min Game da Horar da Sofbol

A littafin darasin motsa jiki na fara ganin sofbol, lokacin ina kwalejin ilimi. Wasa ne da ake dukan ƙwallo da sanda, a zagaya tashoshi da gudu. Da aka turo ni koyarwa wata makarantar 'yan mata a Argungu, sai na ce bari in gwada.

Kayan wasa babu. Kafinta ya sassaƙa mana sanda biyu. Na zana wa wani baduku siffar safar hannu a takarda, ya ɗinka guda huɗu da fatar jan akuya. Buhunan shinkafa muka cika da yashi suka zama tashoshi, ƙafa 60 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ƙwallon ainihi ɗaya tak muke da ita, mai kewayen inci 12, wani aboki ya kawo min daga Legas.

Kuskurena shi ne da allo na fara. Mako uku ina zuba dokoki: 'yan wasa tara, zagaye bakwai, mai jifa ta wurga ƙwallo ta ƙasa, ba ta saman kafaɗa ba. Idan muka fita fili bayan la'asar, wadda duk ƙwallo ta suɓuce wa sai in daka mata tsawa. Yara talatin suka koma goma sha ɗaya. Har yau ina jin nauyin wannan tsawar.

Wata rana lokacin tara na same su a gindin darbejiya suna carafke. Na tsaya ina kallon wata 'yar aji biyu, wadda na riga na yanke cewa ba ta da hannu. Ta cilla dutse sama, ta kwashe na ƙasa, ta cafe, idonta bai bar dutsen ba ko sau ɗaya. Ashe abin da nake ta fama in koya musu tun suna ƙanana suka iya, tsoron muryata ne ke sandarar musu da yatsu. Washegari na bar allo. Da ƙananan duwatsu muka fara, sai lemun tsami, sai ƙwallon tanis, kafin ta ainihi. Doka kuwa sai wasa ya kawo ta sannan in faɗa.

Sai maganar iyaye. Wani dattijo ya zo har makaranta ya ce, “Malam, ɗiyata ba ta sa gajeren wando.” Na ce, “Baba, da dogon wando da hijabi suke yi, ku zo ku gani.” Ya zo, ya zauna kan benci har aka tashi, ya ce Allah ya yi albarka. Da na san haka, da gida-gida na bi tun farko, domin yardar iyaye ta fi safar hannu wuyar samu.

A lokacin ne na karanta tarihin Mike Candrea, kocin Jami'ar Arizona a Amurka daga 1986 zuwa 2021. Kofin ƙasa takwas ya ci. Shi ya jagoranci matan Amurka suka ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Atens a 2004, makonni kaɗan bayan rasuwar matarsa, a 2008 kuma Japan ta doke su a wasan ƙarshe. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sai 1991 ya ci kofinsa na farko, da duk kayan aikin da yake da su. Ni kuwa a zango ɗaya nake so yara su ƙware.

Shekara shida na yi ina wannan aiki. Ba mu ci kofi ba, don ko abokan karawa ba mu samu a kusa ba, gida biyu muke rabuwa. Yarinyar nan ta carafke ita ta zama mai jifarmu. Yanzu malama ce a wata firamare ta ƙauye. Kwanakin baya ta aiko ƙanenta ya ce, “Malam, Yaya ta ce ko takardar baduku tana nan?” Tana nan cikin akwatina, na ciro na ba shi.