Tsohon mawaƙin zambo da waƙar da masu sharhi suka bari a baya

Na daɗe ina jin muryar Randy Newman a gidana na Jidda ban san sunansa ba, domin yarana sun sha kallon fim ɗin zanen nan na Toy Story, kuma shi ne ya tsara waƙar abotar da ke cikinsa, shi ne kuma ya rera ta. Sai daga baya na gane cewa mutumin da ke rarrashin yara da wannan murya shi ne ya yi waƙar "Sail Away" a 1972, wadda a cikinta ya ari bakin mai fataucin bayi yana yi wa mutanen Afirka daɗin baki su hau jirgin ruwa zuwa Amurka, wai a can babu yunwa, babu zaki, babu maciji. Ranar da na fahimci abin da waƙar ke faɗa jikina ya yi sanyi, saboda launin waƙar mai daɗi ne ƙwarai, maganar da ke ciki kuwa ta kakannin irinmu ce da aka yaudara ko aka kama. Tun daga wannan rana nake bin aikinsa.

An haife shi a Los Anjalis a 1943, a gidan masu tsara kiɗan fina-finai. A watan Agusta na 2017, yana da shekara 73, ya fitar da faifansa mai suna Dark Matter, waƙoƙi tara, bayan shekara tara bai fitar da faifan sababbin waƙoƙi ba tun Harps and Angels na 2008. Masu sharhi a jaridun Amurka da Ingila sun karɓe shi da yabo, kuma a cikin abin da na karanta magana biyu ce ta fi yawo. Ta farko ita ce kaifin harshensa bai dushe ba duk da tsufa. Ta biyu kuwa waƙarsa ce a kan shugaban Rasha, mai suna "Putin", wadda ta riga faifan fitowa tun a 2016, ta kuma samo masa kyautar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a 2018 saboda tsarin kiɗanta. An kuma yi ta maimaita labarin cewa ya rubuta wata waƙa a kan Donald Trump amma ya ƙi saka ta, domin shi da kansa ya ga batsarta ta yi yawa.

Yabon farko ya ɗan sosa mini rai, kuma na daɗe ina neman dalili. Abin da na gano shi ne akwai mamaki a ɓoye cikinsa, kamar a ce abin al'ajabi ne dattijo ya iya magana mai kaifi. Mu da muka tashi da kaset ɗin Mamman Shata a shagunan iyayenmu ba mu san wannan mamaki ba. Shata ya yi waƙa har zuwa ƙarshen rayuwarsa a 1999, kuma ban taɓa jin wani Bahaushe ya ce ya yi ƙoƙari da har yanzu bakinsa ke yanka ba, domin a wurinmu tsufa shi ke ba mawaƙi izinin faɗin abin da yaro ba zai faɗa ba. Wanda ya ga sarakuna sun hau sun sauka, ya binne abokansa, ya ci kuɗi ya kuma rasa, shi ne idan ya yi wa mai mulki dariya ake sauraro. Kasuwar waƙa ta Amurka da Ingila ta ginu ne a kan ƙuruciya, shi ya sa mai sharhi ke auna dattijo da ma'aunin ko har yanzu yana iya abin da ya yi yana saurayi, maimakon ya tambayi abin da shekaru suka ƙara masa.

A kan waƙar Putin kuwa, Hausa ta ba mu kalmomin da suka fi nasu bambance al'amarin. Zambo yana kama suna ko ya siffanta mutum har kowa ya gane shi, habaici kuwa yana barin mai laifi ya tsargu da kansa. Waƙar Putin zambo ce tsantsa: tana tsokanar hotunansa da ya cire riga, ga 'yan amshi mata suna kambama shi, shi kuma yana hura hanci yana shakkar kansa yana sake hura hanci. Kiɗan ya ƙayatu, ban musa ba, kuma kyautar da aka ba ta a kan tsarin kiɗa ta cancanta. Sai dai zambo yana tsufa tare da ranar da aka yi shi. Tun da Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu na 2022, na sake saurarenta sau da yawa, kuma dariyar ba ta fitowa kamar da, domin mutumin da waƙar ta zana a matsayin mai son a yaba masa jiki ya zama wanda ake ƙirga gawarwaki da sunansa. Wannan ba laifin mawaƙin ba ne, halin zambo ne, amma ya kamata masu sharhin da suka ɗora faifan gaba ɗaya a kanta su san cewa sun jingina shi da katangar da ruwa ke ci.

Waƙar da ta buɗe faifan, mai tsawon kusan minti takwas, muhawara ce tsakanin masana kimiyya da masu addini. A matsayina na Musulmi ban yarda da inda mawaƙin ya tsaya ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Abu ɗaya na girmama a cikinta: ya bar wani mutum ya miƙe a tsakiyar waƙar ya kama sunansa, ya zarge shi da ƙirƙirar wawayen mutane domin ya samu abin yi wa dariya. Mai zambo da zai ba abokin gaba bakin zarginsa a cikin waƙarsa ba shi da yawa.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne wata Juma'a bayan la'asar, da na ɗauko kawuna a mota zan mayar da shi gida. Dattijo ne da ya zo ƙasar nan daga yankin Katsina tun yana saurayi, ba ya jin Turanci, kuma kunnensa na kalangu ne da kuntigi. Faifan yana kunne, ya kai waƙar ƙarshe, "Wandering Boy", wadda babu komai a cikinta sai piyano da muryar tsoho. Na kai hannu zan kashe, sai ya ce, "Bar shi, ɗana. Me wannan bawan Allah yake faɗa?" Na ce masa, "Kawu, uba ne ya tashi a taron unguwa yana godiya ga mutane, sai ya koma maganar autansa da ya ɓace masa, bai san inda yake kwana ba. Yana tuna shi yana ɗan shekara biyar, yana tsaye can sama zai faɗa ruwa, ba ya jin tsoro, kowa yana sonsa." Ya yi shiru har muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, "Kai ka ce mini mawaƙin zambo ne." Na ce haka aka san shi. Ya ce, "To wannan kuka ne."

Na san abin da ya taɓa shi, domin babu gidan Bahaushe a Jidda ko Makka ko Madina da bai san wannan uba ba. Akwai wanda ɗansa ya koma Nijeriya ko Nijar ya daina kira, akwai wanda aka mayar da nasa gida saboda takarda, akwai kuma iyayen da ke can Kano ko Damagaram suna jiran labarin wanda ya taho nan shekara ashirin da suka wuce. A faifan akwai wata 'yar'uwarta, "Lost Without You", inda miji ke jin matarsa da ke gargarar mutuwa tana yi wa 'ya'yansu wasiyya su riƙe ubansu. Ba a rasa masu sharhin da suka yaba waɗannan biyun ba, amma a yawancin abin da na karanta sun zo ne a matsayin ƙari, bayan an gama da Putin da labarin waƙar Trump, kamar tsohon ya huta ne daga aikinsa na gaskiya. Ni ina ganin aikin ɗaya ne. Dabarar da ya yi amfani da ita ya shiga rigar mai fataucin bayi a 1972 ita ce ya shiga rigar wannan uba da ita, sai dai a wancan karo yana so ka tsani mai maganar, a wannan kuwa shekaru sun koya masa ya tausaya masa.

Kawu ne ma ya kawo misalin da ya fi nawa. Ya ce Ɗan Maraya Jos haka yake yi da kuntiginsa, ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciya a waƙa ɗaya, kana dariya sai ka ga gidanku ake faɗa. Ya ce mutane sun fi riƙe inda suka yi dariya, amma shi da ya tsufa waƙoƙin talaka da maraya ne suke dawo masa da daddare. Da muka isa ƙofar gidansa bai sauka ba. Ya ce in sake kunna waƙar daga farko, in riƙa fassara masa layi bayan layi a hankali, kuma muka zauna a motar har aka kira magariba.