Kiran da nas ta yi min kwana tara bayan ɓari

Ranar da aka min wankin ciki wallahi ban riƙe komai ba cikin abin da aka faɗa min a asibiti. Cikin sati goma ne ya zube, ina kwance ina kallon silin sai ga wata nas da takarda a hannu tana jero min hanyoyin tazarar haihuwa, ƙwaya, allura, ta hannu, robar mahaifa, wacce kike so? Ni da ko hawayena bai bushe ba. Na ce mata sai na yi shawara, na cusa takardar a jaka, ina jin har yau tana can ƙasa duk ta yamutse.

Kwana tara bayan nan baƙuwar lamba ta kira ni, har zan ƙi ɗauka. Ashe daga asibitin ne, wata ce daban ba waccan ba. Bayan gaisuwa da jaje abin da ta fara cewa shi ne "Hajiya ke kaɗai ce, ko in sake kira anjima?" Nan take ta kwanta min a rai, don ba kowace mace ce ke riƙe wayarta ita kaɗai ba. Sai ta bi jikina da tambaya, jinin ya ragu, akwai zazzaɓi ko wari ko ciwon mara mai tsanani, ta ce in har ina jiƙa auduga biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere to wannan ya wuce maganar waya, in taho kawai ko da tsakar dare ne.

Sai can ƙarshe ta kawo zancen tazara. Ni duk a zatona sai na ga al'ada tukuna ciki zai iya shiga. Ta ce ina, ƙwai kan iya fita kamar sati 2 bayan ɓari, ita kuwa al'ada sai sati 4 zuwa 6 take dawowa, kuma ba shayarwa nake ba balle a ce za ta kare ni. Gabana sai da ya faɗi fa, don da ba ta kira ba da haka zan zauna ina jiran jini.

"To Sista ni yanzu yaya zan yi?" Ta ce ai ni zan faɗa mata, ina son wani cikin da wuri ne ko hutu nake so. Tun da abin ya faru ba wanda ya min wannan tambayar sai ita. Ta bayyana min cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar a jira wata 6, amma binciken baya-bayan nan ya nuna mata da yawa na ɗauka kafin nan lafiya lau, sai dai wadda cikinta ya zauna a wajen mahaifa aka mata allurar da ke narkar da shi, ita kam dole ta ba da aƙalla wata 3. Robar mahaifa kuma ba a sawa in akwai alamar ƙwayar cuta ta shiga sai an magance.

Na ce ta ba ni kwana biyu mu yi magana da maigida, ta ce ba komai, ta turo min bayanin ta WhatsApp muka karanta tare da daddare, shi ma ashe bai san zancen sati biyun ba.

Abin da waya ba za ta yi ba shi ne tsira allura ko sa ta hannu, wannan dole ƙafa ta taka, kuma gaskiya da na koma layin da na tarar ya ba ni haushi, kusan awa uku saboda abin minti biyar. Amma dai na shiga na san me na zo yi. Allurar wata uku na zaɓa, tun ina kan benci na ƙirga sati 13 na sa alam a waya.