Abin da haƙoran wata yarinya suka koya min a shekarar horo

Lokacin da nake zagayen horo a sashen haƙoran yara aka kawo wata yarinya 'yar shekara 7, haƙoranta duk sun yi rawaya-rawaya zuwa ruwan ƙasa, wasu sun ɓaɓɓalle a baki, dasashinta ya kumbura, ga dattin da ya daskare a gindin haƙoran. Ni kuwa ina gani na yanke hukunci a raina cewa rashin goge baki ne da yawan shan zaƙi, har na fara yi wa mahaifiyar wa'azin burushi. Matar nan ta saurare ni har na gama sannan ta ce "Likita wallahi kullum sai mun yi rigima da ita a kan burushi, kuka take yi, ko ruwan sanyi ba ta iya sha." Maganar nan har yau tana raina.

Malamarmu da ta zo tambaya ɗaya ta yi, "Mama, akwai mai irin wannan haƙoran a dangi?" Sai ga shi uban yarinyar haka nasa suke, da ƙanwarsa ma, kuma haƙoran nonon yarinyar tun fitowarsu haka suka fito kafin ma ta fara famfara. Shi ke nan zance ya canza. Sunan abin amelojenesis imfafekta, wato farin ɓawon nan mai tauri da ke rufe haƙori, inamel, shi ne bai ginu daidai ba tun haƙorin yana cikin dasashi, kuma gado ne. Wasu ɓawon ne yake fitowa siriri ko da ramuka, wasu kaurinsa daidai amma laushi gare shi yana marmashewa, irin na yarinyar nan kenan. Ƙwayoyin gadon da ke jawo shi suna da yawa, akwai AMELX da ke kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaren gadon da ke tantance jinsi, akwai ENAM da FAM83H da sauransu, kuma ko a gida ɗaya za ka ga na wani ya fi na wani tsanani. A Amurka an ƙiyasta kamar mutum 1 cikin 14,000, a wani yanki na arewacin Suwidin kuwa har 1 cikin 700.

Abin da ya fi min wuyar faɗa wa iyaye shi ne babu maganin sha ko na shafawa da zai dawo da ɓawon nan. Ƙwayoyin jikin da ke gina shi da zarar haƙori ya ɓullo sun gama aiki sun tafi, to duk abin da za mu yi rufewa ne da karewa, kuma aiki ne na shekaru, ba na zuwa ɗaya ba.

Mun fara da zugin, don yaron da burushi ke sa shi kuka ba zai taɓa goge baki ba komai faɗan da za a yi masa. Aka shafa mata fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, mai kauri irin na asibiti, aka ce ta riƙa amfani da burushi mai laushi da ruwan ɗumi da man goge baki na masu jin zugi, aka kankare dattin a hankali bayan an kashe wurin. Sai matauni na baya, waɗannan na dindindin da ke fitowa wajen shekara 6, aka sa musu hular ƙarfe wadda ba ta tsatsa. Da farko ni ban so hular ba, gani nake ta yi muni a bakin ƙaramar yarinya, amma ita ce ke hana haƙorin cinyewa har ƙasa, kuma in matauni suka cinye tsayin cizon gaba ɗaya ke raguwa, gyaran wannan daga baya kuwa wahala ce babba. Na gaba kuma aka lulluɓe su da farin ciko, kwamfozit. Nan ma na koyi wani abu, cikon nan da inamel yake mannewa, in inamel ɗin mai laushi ne furotin ya yi masa yawa sai ya riƙa ɓallewa, don haka dole a gaya wa iyaye tun farko cewa za a riƙa dawowa gyara, kada su ɗauka aikin ne aka yi ba daidai ba.

Inda na fi canza ra'ayi shi ne maganar "a bari ta girma tukuna". A da haka ake yawan cewa, a yi ta faci har sai an kai shekara 18 ko 20 sannan a sa hulunan tangaran na dindindin. Amma wani bincike da aka yi a Suwidin ya nuna sa hulunan tangaran tun ana samartaka yana daɗewa fiye da facin kwamfozit a masu tsananin ciwon, kuma zugin yana raguwa sosai. Ni dai a ganina shekarun da yaro zai yi yana rufe baki da hannu in zai yi dariya, abokai suna tsokanarsa a makaranta, ba ƙaramar asara ba ce, kuma ba a rubuta ta a fayil. Dashen haƙori na ƙarfe cikin ƙashi shi ne kam dole a jira muƙamuƙi ya gama girma, haka in haƙoran gaba ba sa haɗuwa in an rufe baki, wanda ake yawan samu da wannan ciwon, sai an haɗa da masu gyaran jerin haƙora, wani lokaci har tiyata.

Akwai kuma ɗan uwan wannan ciwon, dentinojenesis imfafekta, shi na cikin haƙorin ne ke da rauni, haƙoran su yi toka-toka kamar ana hango cikinsu, wani nau'insa yana tafiya da ciwon saurin karyewar ƙashi, don haka ake tambayar tarihin karaya. Wani nau'in na inamel ɗin ma, mai alaƙa da FAM20A, yana zuwa da taruwar kalsiyam a ƙoda, in aka ga haƙora sun ƙi fitowa dasashi ya yi kauri sai a tura sikanin ƙoda.

Bayan wata uku suka dawo, maman ta ce yanzu da kanta take ɗaukar burushi. Ta zo da ƙanin yarinyar ɗan shekara 2 a duba shi, na ɗaga leɓensa na ga irin launin a haƙoransa na gaba, ranar muka buɗe masa fayil muka shafa masa fuloraid.