Koyon zanen paubha, mako na huɗu: har yanzu muna kan yadi da gam

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Mako huɗu ke nan, kuma ba a ɗiga launi ko ɗaya a kan yadi ba. Kada wannan ya dame ku. A Patan, cikin kwarin Katmandu na ƙasar Nepal, inda Lok Chitrakar ke koyar da ɗalibai a ɗakin zanensa mai suna Simrik, aikin paubha daga shirya yadi yake farawa. Wannan zane ne na addini na al'ummar Newar, gadon zuriyar Chitrakar. Akwai wanda aka yi a 1365, na Vasudhara, allahiyar arziki a addinin Buddha, da ya kai har zamaninmu, kuma yadin da ba a shirya da kyau ba ba zai yi irin wannan kwana ba.

Yadin farin auduga ne mai matsattsiyar saƙa. A wanke shi sitacin ya fita, don sitaci na hana gam shiga zare. A kalmashe bakinsa ta ko'ina, sannan a ɗaure shi cikin firam ɗin katako da igiya mai tafiya tana dawowa tsakanin yadi da katako. Firam ya fi yadin girma da kamar santimita 5 ta kowane gefe, domin yadi na saki idan ya jiƙe, sai a sake jan igiyar. Wanda ya kafe shi da ƙusa ya rasa wannan damar.

Gam ɗin na fatar ɓauna ne, a can ana ce masa saresh. Mun auna giram 10 na busasshen gam a ruwa mililita 100, ya kwana a jiƙe. Da safe a sa kwanon cikin wata tukunya mai ruwan zafi har ya narke. Kada ya tafasa: tafasa na kashe ƙarfin kamunsa, kuma ido ba ya ganin hakan sai daga baya, lokacin da launi ya fara zubewa. Ma'aunin gaskiya dai yatsa ne, don gam ya bambanta. A dangwala, a haɗa babban yatsa da manuniya, a buɗe. Idan ya ɗan riƙe yayin da yake bushewa, ya yi. Idan ya kama ƙam, a ƙara ruwa. A lokacin zafi a dama na yini ɗaya kawai, domin yana saurin ruɓewa, kuma da zarar ya fara wari ya tashi daga aiki.

Sai farar ƙasa. A tankaɗe ta, a zuba cikin gam mai ɗumi a hankali har kaurin ya yi kamar koko, a tace da ƙyalle. Ana shafa wa gaba da baya, siriri, a bar shi ya bushe a inuwa. A nan gwaji uku na wannan mako suka rabu. Na farko gam ya yi yawa, ya yi ƙyalli kamar gilashi, da aka naɗe shi sai ya tsattsage. Paubha kuwa naɗe shi ake yi a ajiye, don haka wannan ya faɗi. Na biyu gam ya yi kaɗan, ana shafa hannu farin gari na biyo tafin hannu. Na uku ne ya zauna, shi ma sai da aka ƙara shafi na biyu, saboda da aka ɗaga shi ga hasken taga an ga ƙananan huji kamar na allura. Duk hujin da haske ya bi, launi ma zai bi.

Guga ita ce mai cin lokaci. A kwantar da yadin kan allo mai santsi, a ɗan jiƙa wuri kaɗan da ɗanyen ƙyalle, a murza da dutse mai sulɓi ko gindin kofin gilashi. A bi tsaye, a bi kwance, a juya baya a maimaita. Ruwa ya yi yawa, farar ƙasa ta kwaɓe ta bi dutsen. Guga ta ƙarshe a bushe ake yin ta. Yadin da ya nuna yana da laushi kamar jemammiyar fata.

Mun fara niƙan launi a gefe, kuma akwai abin lura. Shuɗin dutsen azurait da koren malakait suna koɗewa idan niƙa ta yi yawa. Saboda haka a niƙa kaɗan, a zuba ruwa, a motsa, a tsiyaye na sama a wani kwano. Mai tsaki da ya zauna a ƙasa shi ne launi mai duhu, na saman kuma mai haske, ka ga dutse ɗaya ya ba da launi hawa uku ko huɗu. Mai tsakin yana son gam da ɗan ƙarfi, kuma a shafa shi hawa-hawa.

Ja, wanda shi ne ya fi rinjaye a paubha, daga dutsen sinaba yake, kuma akwai zaiba a cikinsa. Rawayan dutsen opimen kuwa na ɗauke da gubar asenik. Don Allah a bar al'adar gyara bakin buroshi da leɓe, a niƙa su a jiƙe don kada ƙura ta tashi, a wanke hannu kafin cin abinci. Kada kuma a gauraya wannan rawayan da shuɗi ko koren dutse, domin suna da jan ƙarfe a jikinsu, haɗin yana baƙi da daɗewa.

Mako mai zuwa sai zanen gawayi, za mu fara da ganyen bado da gajimare kafin a bi layin da baƙin tawada. Zinariya da idanun surar da ake zanawa suna can ƙarshen aiki. Kowa ya zo da yadi biyu gogaggu, a naɗe su a warware sau uku a gida kafin a kawo.