Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tulu na Bakwai

Makon jiya na tsaya a ranar 19 ga Mayu, 303, ranar da magajin garinmu Kirta, a Arewacin Afirka, ya shigo gidan da mu Kiristoci muke taruwa, marubutansa na biye. Tun watan Fabrairu dokar Diyokilishiyan, sarkin daular Rum, ta fito daga fadarsa a birnin Nikomidiya, cewa a rushe majami'u a ƙone littattafai. Suka ƙirga kofunan zinariya 2, na azurfa 6, har da rigunan mata 82. Littafi babba ɗaya tak suka samu. Sauran suna gidajen masu karatu, sai wasu daga cikinmu suka nuna musu ƙofofi. Ba zan kama suna ba. Ɗayansu yana nan da ransa, sahun gaba yake zama ran Lahadi.

Bisharar Yohanna tana hannun Yaya Barnaba. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, tabarma ɗaya muka zauna gaban Baba Istifanus muna koyon rubutu. Shi Baba kullum maganarsa ke nan in ya ga muna taƙama da kyan hannu: "Fata tana cin wuta, hadda ba ta ci." Muna ɗauka faɗan tsufa ne.

A daren Yaya ya warware ɗinkin littafin. Ɗauri 10 ne, kowane ɗauri fata 4 aka ninka biyu, ganye 8 ke nan, shafi 16. Kafin ya raba su sai da ya sa wa kowanne lamba a gindin shafin farko, don in aka raba babu lamba, ranar haɗawa sai an yi kuka. Kowane ɗauri ya naɗe shi da busasshen ƙyallen lilin, ba ya matsewa, don fata in ta matsu tawadar wannan shafi takan kama wancan. Ya zuba busasshen yashi kamar tafi biyu a gindin tulu, ya ɗora naɗin, ya rufe baki da murfin yumɓu, ya liƙe da kakin zuma. Ba a binnewa a gindin bango, nan danshi yake taruwa. Tawadarmu baƙin fitila ce kashi uku, ƙaro kashi ɗaya. A saman fata take zama, ba ta shiga ciki, ruwa kaɗan ya isa ya kwashe ta. In ƙaro ya yi kaɗan yatsa ma yana goge ta, in ya yi yawa sai ta yi ƙyalli ta tsage.

Ya ce, "Ƙanena, sabon tulu kaɗai, wanda bai taɓa ganin mai ba." Guda 9 na samu. Gari ya kusa wayewa, na ɗauko na man zaitun na wanke sau uku. Yumɓu yana shan mai ya riƙe, in zafi ya zo ya amayar. Ban gaya masa ba.

Yaya suka kama. Tambaya ɗaya ce kullum, ina littafin, shi kuwa amsarsa ɗaya, yana cikina. Da ya fito yatsu uku na hannun dama ba sa lanƙwasuwa. Shi kuwa wancan na sahun gaba, da na tuna masa bara a bakin ƙofa, cewa ya yi ai littattafan da ya miƙa dama sun tsufa. Sun tsufa! Yanzu da sarki Kustantin ya sa wa garin sunansa, kowa ya zama jarumi.

Da ƙura ta lafa muka tono tulunan. Tara lafiya lau. Na bakwai, mai ya bi lilin ya shiga fatar, ta yi garau kamar an shafa mata kitse, haruffa sun narke sun haɗe. Wajen da Ubangiji Yesu yake ban kwana da almajiransa ne. Na durƙusa na faɗa wa Yaya abin da na yi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Fiƙe alƙalami, Baba bai yi ƙarya ba."

Kwana 6 muka yi, yana karantowa daga ka ina rubutawa, tun daga "Kada zuciyarku ta damu." Sau biyu ya tsaya, ya ce nan ba shi da tabbas, in bar fili har mu gwada da wani kwafi. Filayen nan biyu su suka kai mu birnin Kartaj a ƙafa. Wannan sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.