Yadda na lalata Powerman ɗin Baffa da kuɗina

Wata huɗu ke nan, amma har yau in na ga injin lamineshan a shago sai raina ya ɓaci.

Bayan rasuwar Baffa, Allah ya jiƙansa, ana ware kayansa a Kaduna aka jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Gwaggo ta ce, "Ɗauka, ɗana, kai ne mai son tarkacen takardu." Da na buɗe, sai ga mujallar African Film guda 11 da Powerman guda 7, an naɗe su da tsohon zane. Jikina har rawa yake.

Yaran yanzu ba su san Lance Spearman ba, jarumin mujallar African Film, wanda su Baffa ke ce wa Spear. Mutum ne mai malafa da kwat, sigari a baki, kullum yana farautar mugun nan Rabon Zollo. Nasa ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske da aka ɗauka a kudancin Afirka aka ɗora musu magana. Kamfanin Drum ne ya riƙa buga shi daga 1968 zuwa 1972, kuma Baffa ya sha ba mu labarin yadda kwafi ɗaya ke zagaye aji har ya yi laushi. Powerman kuwa zane ne, an yi shi musamman don kasuwar Najeriya daga 1975 zuwa 1977, yana fitowa duk mako biyu. Turawa biyu ne a Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland, suke karɓa-karɓa wajen zana shi, kuma Gibbons ɗin ne daga baya ya zana littafin zane na Watchmen da duniya ta sani. Baƙin jarumi ne mai tashi sama, yana gwabzawa da mutum-mutumin ƙarfe da manyan dodanni, ba abin da ke karya lagonsa sai saran maciji. Kowane akwatin zane an sa masa lamba don mai karatu ya san inda zai bi.

Takardun sun yi ja, gefensu na marmashewa in ka taɓa. Tsoro ya kama ni kada su ƙarasa lalacewa a hannuna, sai na kwashi Powerman na nufi wani shagon fotokwafi. Yaron shagon ya jujjuya su ya ce, "Yallabai, ai lamineshan ne maganinsu, ko a ruwa suka faɗa ba abin da zai same su." Ban tambayi kowa ba. Ban ce ya gwada shafi ɗaya in gani ba. Na bar masa duka bakwai ɗin na tafi sallar azahar.

Da na dawo, ya cire fil ɗin tsakiya, ya tsaga kowace mujalla gida biyu, ya datse gefuna don su shiga leda. Zafin injin ya narkar da gam ya shige cikin takardar, har zanen baya yana leƙowa ta gaba. Shafukan sun sandare kamar katin shaida, kuma ya cakuɗa su wuri guda. Lambobin da ke bakin gefe sun bi almakashi. Abin da ya fi ci mini rai, a saman bangon ɗaya Baffa ya rubuta sunansa da biro, da shekarar 1976. Rabin rubutun ya tafi kwandon shara. Na tsuguna na tona kwandon, ban samu ba.

Kuma na biya kuɗin. Me zan ce wa yaron? Ni na kawo, ni na amince.

Lamineshan ba ya komawa baya. Na gwada ɗaga ledar shafi ɗaya da dutsen guga mai ɗan ɗumi, sai tawadar ta biyo ledar, fuskar Powerman ta rabu biyu. A nan na haƙura.

Spear ya tsira ne kawai don kuɗin aljihuna bai kai ba ranar. Shi na bi a hankali. Na fara ɗaukar hoton kowane shafi da waya, da safe kusa da taga, ba filasha, kafin in taɓa komai. Fil ɗin da ya yi tsatsa na ɗaga shi da bakin wuƙa mara kaifi, don tsatsar ce ke cin tsakiyar takarda. Na sa farar takarda tsakanin kowace mujalla, na zuba su a babban ambulan, na ɗora a saman wadirof nesa da bango saboda danshin damina da gara. Salatif kuwa kada ma ka kusanto da shi: inda Baffa ya liƙa shekarun baya, duk ya bar tabon rawaya da ba ya fita. In shafi ya yage, bar shi a yagensa. Da na bar Powerman haka, da yanzu yana nan da marmashinsa, da rubutun Baffa cikakke.

Duk dare bayan isha'i nakan baje shafukan nan masu ƙyalli a kan tabarma, ni da babban ɗana, muna bin labari don gano wanne ke bin wanne. Mun haɗa biyu, saura biyar. Gwaggo ta tambaye ni sau biyu ko na adana mata takardun mijinta, kuma har yanzu ban iya nuna mata bangon nan ba.