Jiya me ya ci, kuma da wa ya ci?

Akwai maganar da ba na son ji daga bakin abokan aikina ranar awo: "Ki riƙa ba shi nama da kifi da madara." Matar da ta yi sammako ta tako da ƙafa don ba ta da kuɗin adaidaita, ita ake gaya wa haka. Sai ta ce "to", ta gyara goyo ta tafi, da wuya kuma a sake ganinta.

Aikina a ƙaramin asibitinmu na bayan garin Kano shi ne auna yara. Ina ɗaura musu tef mai launi uku a damtse. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai an haɗa da abincin asibiti na leda. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Irinsu ne ke cika mana benci kowane mako.

Tambayata ta farko ga uwa ita ce, jiya me ya ci, kuma da wa ya ci? A amsa ta biyun nake gano matsala. An zuba tuwo a kwano ɗaya, an tara yara huɗu, har da ɗan wata goma sha takwas. Kafin ya gutsura loma biyu yana wasa da miya, yayyensa sun suɗe kwano. Uwar kuma za ta rantse ya ci, don ta gan shi zaune a wurin. Shi ya sa nake cewa, 'yar'uwa, ware masa kwanonsa daban, ki zauna ki ga abin da ya shiga cikinsa. Wannan ba ya cin ko sisi.

Sai batun koko. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in aka cika shi da tsinkakken koko, ruwa kawai ya sha. Daga wata shida, lokacin da ake fara ƙara wa nono wani abu, kunu ya kamata ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da gudu ba. Garin da muke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown, ba baƙon abu a cikinsa: gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken, a murje ɓawon, a shanya, a soya shi sama-sama har ƙarnin ya fita. Gyaɗar a tsince ta tsaf, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a zubar, kada a ji asara, guba ce ga hanta. A soya, a haɗa, a kai inji. In an dama a ɗiga ɗan manja, ko a barbaɗa garin zogalen da aka shanya a inuwa. Wadda ba ta da ƙarfin haɗawa ita kaɗai, na ga mata uku huɗu na gida ɗaya suna yin karo-karo, kowace ta kawo abin da take da shi, su raba garin. Ranar da babu, ko ƙuliƙuli aka daka aka zuba a kunu ya fi babu. Faten wake, ɗanwake, awara, miyar kuka da daddawa, duk abinci ne na gina jiki, raina su kawai muke yi don namu ne.

Maza kuma, ku yi mini haƙuri. Na san babu, na san yadda kasuwa take. Amma ina wucewa ta teburin mai shayi bayan isha'i, ina ganin wanda ake soya wa ƙwai biyu da Indomie, washegari in ga ɗansa tef ya nuna ruwan ɗorawa. Malam, ɗaya daga cikin ƙwan nan ka sa a aljihu ka kai gida. In kaka ta ce ƙwai na sa yaro sata, sai a lallaɓa ta: Hajiya, ɓarayin da ke gidan yari ba ƙwai ne ya kai su ba. Yawanci dariya suke yi su bari.

Duk wannan wahala, gudawar kwana uku na iya rushe ta. Kuma hanyoyinta a cikin gida suke. Ruwan 'yan garuwa aka juye a randa ba murfi, moɗa tana yawo a ƙasa, kowa ya ɗauka ya tsoma har da hannunsa. Wanke hannu a roba ɗaya kafin cin abinci, na ƙarshe da dattin kowa yake wankewa. A zuba da buta, a sa sabulu, in babu a murza toka. Abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da mutane shi ne kashin jariri. Ana ganin ba ƙazanta ba ne, sai a bar shi a tsakar gida ƙudaje na bi, uwa ta yi masa tsarki ta koma kan damun kunu ba ta wanke hannu ba. A zuba shi a masai, a wanke fo, a wanke hannu.

In gudawar ta zo, kada a zauna ana cewa haƙori ne. A ci gaba da ba da nono da abinci, a karɓo ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake kaɗawa a ruwa, a asibiti ko kemis. In dare ya yi babu, a samu lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ƙwayar zinc kuma kwana goma zuwa sha huɗu ake sha, ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu. In ido ya faɗa, ko ya ƙi kama nono, ko aka ga jini a kashin, a kawo mana shi a ranar, kada a jira ranar awo.